Malam Kashim da Wayar da Ta Rame

Ƙarfe bakwai saura kwata Malam Kashim Babakura yake jingine babur ɗinsa a gindin dalbejiyar da ke bayan ɗakin gwaje-gwajenmu. Ba ya shiga kai tsaye. Sai ya zagaya ginin tukuna, ya tura kowace taga da tafin hannu, ya duba ƙasa ko akwai sawun da bai sani ba, sannan ya zo ya kama kwaɗon ƙofa ya jijjiga, kwaɗon da shi da kansa ya datse jiya da yamma. In ya buɗe, ba ya taɓa makunnin fitila sai ya wangale tagogin nan duka, domin iskar da muke aiki da ita ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Daga nan sai ya bi kwalaben da ke kan kanta ɗaya bayan ɗaya, yana karanta sunan da aka liƙa wa kowace, sai ka ce yana zaton wata ta canja suna bayan tashinsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa makullai ya koma gida.

Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyyar sinadarai a makarantarmu, nan Azare. Ba ya shiga aji, ba a sa sunansa a kan takardun bincike, ranar yaye ɗalibai ma a bakin rumfa yake tsayawa. Iyayensa daga Gashuwa suka zo, amma a nan aka haife shi, a nan ya auri Hajiya Fanna, a nan ya hayayyafa. Ni kuwa sunana Khaulat, malama ce a sashen. Da shekara uku baya wani ya ce mini zan zauna in rubuta yabon mutumin nan a jarida, da na ce ya je a duba lafiyarsa.

Malam Kashim mutum ne mai zargi, kuma ba zan ɓoye wannan ba don ina yabonsa. In ka ce masa ka wanke kwalba, sai ya ɗaga ta ya leƙi rana ta cikinta. In ka ce ruwa ya tafasa, sai ya tsoma ma'aunin zafi. Ɗalibai sun sa masa suna Baba Sake-Auna, a bayan idonsa mana, wa zai faɗa a gabansa? Abokiyar aikina Malama Husaina tana tsaye ranar da wani ɗan kwangila ya sauke jarka ashirin na tataccen ruwa, da takardarsa da hatiminsa. Malam Kashim ya ɗebi kaɗan a ƙaramin gilashi, ya ɗiga masa wani magani ɗigo biyu, nan take ruwan ya yi dishi-dishi kamar an ɗauraye ƙwaryar nono a ciki.

"Alhaji, wannan ai ruwan burtsatse ne," in ji shi. "Na wace unguwa ne dai ban sani ba."

Mutumin ya shiga rantse-rantse. Malam Kashim ya ce, "Bar rantsuwar haka, Alhaji, ruwan ya riga ka magana." Husaina ta ce da hannunsa ya taya su mayar da jarkokin cikin mota, har da yi musu fatan sauka lafiya.

A gari ma haka yake. Da labari ya bazu cewa a makaranta ana raba ruwa a fitar da iska mai kamawa da wuta, sai mutanen majalisarsu ta Bakin Kasuwa suka sa shi gaba da tambaya, har wani ya zo da hoton wata na'ura da aka ce in ka ɗaura wa babur zai daina shan fetur ya koma shan ruwa. Ya kalli hoton ya mayar wa mai shi, ya ce, "Wutar da za ka kashe ka raba ruwan ta fi wadda za ka samu in ka ƙona iskar. Duk wanda ya ce maka babur zai sha ruwa zalla ya kai ka Misau, dafe aljihunka." Mutum uku suka fasa sayen na'urar a ranar, ɗayansu har yau yana aiko masa da goro.

To bari in yi wa mai karatu bayanin aikin a taƙaice, don ya gane inda ni da Malam Kashim muka yi karo. Ruwan nan da muke sha iska biyu ne Allah ya haɗa, haidurojin da oksijin. In ka tsoma ƙarfe biyu a ruwa ka ba su wutar lantarki, sai ka ga kumfa na tashi, haidurojin a gefe ɗaya, oksijin a ɗaya gefen. Haidurojin makamashi ne, ana iya tara shi da wutar sola da rana a yi amfani da shi lokacin da babu rana. Sai dai ruwa yana da taurin kai, ba ya rabuwa sai ya ci wuta mai yawa, sai fa in an shafa wa ƙarfen wani abu mai lallashinsa. Wanda ya fi kowa iya wannan lallashi wani ƙarfe ne mai suna filatinam, mai tsadar gaske, ajin zinariya. Saboda haka masu bincike a duniya suke ta neman abu mai araha da zai yi aikinsa. Nawa neman shi ne na digirin dakta, wanda nake yi a wata jami'a amma gwajin a ɗakinmu. Ɓawon gyaɗa nake ƙonawa ya zama gawayi, in haɗa shi da ɗan ƙarfen da ake kira nikel, in shafa a kan ƙaramin faranti. Ɓawon kuwa daga gonar mahaifina yake zuwa, can Gololo, buhu-buhu a motar kasuwa, yana ta yi mini tsiya wai 'yarsa ta yi boko har ta kai matakin tsince-tsince a juji.

Yadda muke gwajin, farantina yana gefe ɗaya na kwalba mai asid irin na ruwan batir, a ɗaya gefen kuma ana tsoma wata 'yar waya ta filatinam don kawai wuta ta samu hanyar zagayawa. Kowa haka yake yi, haka na gani a takardun da na karanta. Wayar nan guda ɗaya tak muke da ita a makarantar, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, kuma a aljihun gaban rigar Malam Kashim makullin akwatinta yake kwana. Duk ranar Alhamis kafin a tashi sai ya zare ta, ya wanke, ya busar, ya ɗora a kan sikelinmu mai gilashi wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai lamba ta motsa. Ba wanda ya sa shi. Tsoron ɓarawo ne kawai, kada wani ya datsi ɗan guntu ya kai wa maƙeran zinariya.

Shekara biyu na yi ina ƙona ɓawo ba abin kirki. Sai a shekara ta uku, wani haɗi da na yi ya fara abin mamaki. Ranar farko yana nan kamar sauran. Bayan kwana biyu yana aiki sai ya fara sakin kumfa da 'yar wuta kaɗan. Kafin mako ya cika, lambobin da na'ura take ba ni sun kusa kamo na filatinam kansa. Na sake wani farantin, haka. Na sake na uku, haka. Wallahi na yi kuka don murna. Na kira mahaifina, ya ce a ƙara mini buhu biyar kyauta. Na aika takarda ga wata mujallar kimiyya ta ƙasar waje, aka sa mini ranar kare digiri nan da wata biyu, shugaban sashenmu Dakta Abdulrashid kuma ya yi magana da 'yan gidan rediyo za su zo su yi hira da ni. Kowa yana taya ni murna, ban da mutum ɗaya.

Wata Alhamis ya tsaya a kaina da wayar a tafin hannunsa.

"Malama, wayar nan tana ramewa."

Na ce, "Kamar yaya tana ramewa, Malam? Ciwo take yi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce a wata huɗun nan ta rasa abin da ya haura miligiram biyu, wato abin da bai kai rubu'in ƙwayar gero ba, kuma a wata huɗun nan ba mai amfani da ita sai ni. Ya duba bakinta biyu da gilashin ƙara girma, babu sawun almakashi, babu na filaya. Ya gwada sikelin da duwatsun awo, sikeli lafiyarsa lau. Yana wannan bayani yana kallon jakata da ke kan tebur, ko kuma ni ce na ga kamar yana kallo.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce, "Malam, in ɓarauniya kake son ce mini, ka fito fili ka faɗa."

"Da farko na zarge ki," in ji shi, ko kunya babu. "Na zargi masu shara, na zargi Dakta, na zargi kaina. Yanzu na bar zargin mutane, farantinki nake zargi. Malama, duk abin da ɗan Adam ya haɗa in ya daɗe yana aiki lalacewa yake yi. Naki kullum ƙuruciya yake ƙarawa. Wa yake ciyar da shi?"

Ban saurare shi ba. Abin da na ji kawai shi ne mutumin da bai wuce difloma ba yana so ya rushe mini aikin shekara uku wata biyu kafin in kare shi. Daga ranar na shiga zarginsa, kuma na fi shi iya zargi ashe. Na ce hassada ce. Na ce wani ne a sashen ya sa shi, har na zauna ina lissafa waɗanda suka yi mini murna da rabin baki. Na daina barin farantaina a ɗakin, ina naɗe su a auduga in tafi da su gida. In ya gaishe ni sai in tsaya neman abin da gaisuwar take nufi. Daga ƙarshe na rubuta ƙara ga Dakta Abdulrashid cewa mai kula da ɗaki yana yi mini katsalandan yana ɓata mini suna. Aka ba shi takardar tuhuma, ta farko a duk shekarunsa na aiki. Da hannuna na jawo masa ita, kuma a lokacin daɗi na ji.

Kai ne, Malam, ka karɓi takardar nan ka ninke ka sa a aljihu, washegari kuma ƙarfe bakwai saura kwata kana gindin dalbejiya. Da wani ne, da ya ce ba ruwansa, ya bar ni in tafi rediyo in faɗa wa duniya. Kai kuwa sai ga ka da manyan batura na tocila guda huɗu a leda. Ka fasa su a bayan ɗaki, ka zaro baƙin sandan gawayin da ke tsakiyar kowane, ka kankare, ka jiƙa a asid, ka dafa a tataccen ruwa har sau uku, sannan ka kawo mini a kan farar takarda.

"Ki cire wayar, ki sa wannan a madadinta," in ji shi. "Shi ma yana ba wuta hanya, kuma ba filatinam a jikinsa. Ki ɗauko sabon faranti wanda bai taɓa shiga kwalba ba, ki ba shi mako guda. In ya yi abin da 'yan'uwansa suka yi, zan tsaya a gaban taron malamai in ce na yi miki ƙazafi."

Na yarda, amma don in ga ranar da zai tsaya a gaban taron ne kawai. Sai na ce ban amince ya riƙe makullin ɗakin shi kaɗai ba, kada ya shiga ya taɓa mini kaya. Ya ce shi ma bai amince in riƙe ni kaɗai ba. Haka muka sa wa ƙofa kwaɗo biyu, nawa da nasa, ba mai shiga sai ɗayan yana nan. Mako guda cur makaranta tana kallonmu, malama da dattijo, kowa da makullinsa, muna buɗe ƙofa ba mai ce wa wani uffan. Husaina ta ce ko kotu ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Shi ya haɗa na'urar da batiran sola don kada ɗauke wuta ya ba ni abin fakewa, ni kuma nake zama a kujera ina kallon hannunsa.

Kwana biyu, ba canji. Na ce bai yi zafi ba tukuna. Kwana huɗu, lambobin suna inda suke, har sun ɗan ja baya. Ranar ta bakwai da hantsi na zauna ina kallon kwalbar, kumfa na tashi ɗaya-ɗaya kamar na farantan da na zubar shekara biyu baya. Na gane abin da yake faɗa tun farko. Asid da wuta suna cin wayar a hankali, filatinam ɗin yana narkewa cikin ruwan, ya tsallaka ya manne a kan farantina. Abin da nake ta yi wa murna ba gawayin Gololo ba ne, wayar Malam Kashim ce ta yi ƙaura zuwa gefena. Na aika tsohon farantin wani babban ɗakin bincike da ke da na'urar ganin ƙananan abubuwa, suka dawo mini da hoto, ga filatinam nan ɗigo-ɗigo a kansa.

Ranar da hoton ya zo bai ce ai na faɗa miki ba. Ya ajiye mini ruwan sanyi a kan tebur, ya ce, "Sannu, 'yata. Gara a ɗakin nan da a waje." Ya fita ya ja mini ƙofa.

Ban taɓa jin kunya irin ta makon nan ba. Na rubuta wa mujalla na janye takardata. Na gaya wa Dakta Abdulrashid ya sallami 'yan rediyo. Aka ɗage ranar kare digirina har sai abin da hali ya yi. Mafi wuya shi ne zuwa Gololo. Mahaifina ya saurare ni har na gama, ya ce, "To wannan mutumin da ya gano, kin yi masa godiya?" Na ce a'a. Ya ce, "Ashe da sauran karatu a gabanki."

Wata goma sha huɗu na ƙara. Da sandan gawayi na sake komai tun daga farko, Malam Kashim yana tsaye yana sa ni maimaita abin da na riga na maimaita. Haɗin da na samu daga ƙarshe bai kama ƙafar filatinam ba, kuma ba wanda zai kira rediyo saboda shi. Amma ya fi gawayi zalla nesa ba kusa ba, yana jure kwanaki yana aiki, kuma nawa ne. Ranar kare digirin, baƙon farfesan da aka gayyato ya jarraba ni ko gaisawa ba mu gama ba ya buɗe kundin bincikena ya ce, "Me kika tsoma a ɗaya gefen kwalbar?" Na ce sandan gawayi, na kuma nuna masa babin da na rubuta a kan kuskurena na farko, da hoton da komai. Ya cire tabarau ya ce a shekara biyun nan kundi biyu ya mayar saboda irin wannan wayar, ɗaya ma bayan an buga takardar, sunan mai ita ya ɓaci. Ya ce, "Wa ya ankarar da ke?" Na faɗi sunan Malam Kashim Babakura a gaban farfesoshi biyar, lokacin shi yana Azare yana wanke kwalabe.

Na sa an cire takardar tuhumar daga fayil ɗinsa, amma na san cire takarda ba ya cire abin da na yi. Makon jiya na je gidansa. Hajiya Fanna ta shimfiɗa mini tabarma, na durƙusa na ce, "Baba, na zalunce ka, ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar, Dakta," in ji shi. "Wanda aka taɓa masa aikin shekara uku ai dole ya yi ihu. Ni abin da ya dame ni, wanda za a kawo a madadina, ki sa ido a kansa. In kin ga yana yawan ce miki komai daidai ne, ki ji tsoro."

Kashim na Fanna, wanda ba a yi wa rantsuwa sai an kawo shaida. Kai ne ka zarge ni, ka zargi kanka, ba ka huta ba sai da ka kai zargin inda ya dace. Ni na zarge ka don in tsare sunana, kai ka zargi aikina don ka tsare mini shi. Na gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa 'ya'yanka su samu mai tsaya musu yadda ka tsaya mini.

Ku kuma 'yan'uwana masu bincike, da duk wanda yake da wani a ƙarƙashinsa mai yawan cewa a sake dubawa, a asibiti ne ko a gareji ko a ofis, kada ku yi abin da na yi. Ranar da sakamako ya yi muku daɗi fiye da kima, ku nemi mutumin da bai yi muku murna ba, ku ba shi kujera ku saurare shi. Masu kula da ɗakunan gwaji kuma, matasan da za su gaji irin su Malam Kashim, ku koyi faɗin abin da kuka gani ko da wanda ke gabanku ya fi ku takarda. Yau ana kirana Dakta, ina amsawa ba tare da gabana ya faɗi ba, kuma mutumin da na kai ƙara ne ya sa haka.